DAMBEN CIKIN RUWA: MOTSA JIKIN DA BA YA WAHALAR DA GWIWA

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san halin guga. Muddin guga yana cikin ruwa ba shi da wani nauyi, ko yaro yana iya motsa shi. Amma da zarar ya bar ruwan sai igiya ta miƙe, hannu ya fara jin jiki. Haka nan duk wanda ya taɓa ƙetare rafi da ƙafa ya san ba a sauri a cikin ruwa. Mutum yana so ya yi gaba, ruwa yana riƙe masa ƙafa.

Waɗannan halaye biyu na ruwa, wato rage nauyi da riƙe mai motsi, su ne tushen wani irin motsa jiki da ya bazu a Amurka da Turai da wasu ƙasashe. Mutane sukan shiga ruwa iya ƙirji, su yi ta kai naushi da shuri kamar 'yan dambe, alhali babu wanda suke duka. Yanzu da wayar hannu ta shiga ko'ina, samari da yawa suna ganin hotunan abin, wasu har suna so su gwada. Saboda haka ya dace a san yadda yake, da amfaninsa, da kuma inda haɗari yake.

MENE NE DAMBEN CIKIN RUWA?

Ana yin sa ne a cikin kwamin ninƙaya. Kwamin ninƙaya wani babban rami ne da ake ginawa da siminti, a lailaye ƙasansa, a cika shi da ruwa mai tsabta. Akwai injin da yake tace ruwan, ana kuma zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulorin. Galibi ɓangare ɗaya na kwamin ba shi da zurfi, ɗaya ɓangaren kuwa yana shanye mutum. A ɓangaren da ba shi da zurfi ake yin wannan motsa jiki.

Masu yi sukan tsaya sahu-sahu a cikin ruwa, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Malaminsu yakan tsaya a bakin kwami, inda kowa zai ga hannunsa da ƙafarsa. Sau da yawa akan sa kiɗa domin motsin jama'a ya tafi daidai. Malami ya nuna naushi, su yi naushi. Ya nuna shuri, su yi shuri. Darasi ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya.

A damben gargajiya na ƙasar Hausa, ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya ya zama mashi, ɗayan kuma garkuwa. Yana da abokin karawa, ana yin turmi-turmi, kuma kowa kisa yake nema. A damben cikin ruwa babu abokin karawa, babu kisa, babu wanda zai fita da kumburarriyar fuska. An ari tsayuwar ɗan dambe da motsinsa ne kawai domin a ƙarfafa jiki. Ba lalle ne mutum ya iya ninƙaya sosai ba, tunda ƙafafunsa suna ƙasa, kansa kuma yana waje.

DAGA INA YA SAMO ASALI?

Abubuwa biyu aka haɗa. Na farko shi ne damben hannu da ƙafa, wanda Turawa suke kira kikboksin. A ƙasar Tailan akwai wani tsohon dambe mai suna Muwai Tai, inda ake duka da hannu da ƙafa da gwiwa da gwiwar hannu. A shekarun 1960 wani mai shirya wasan dambe ɗan ƙasar Japan, Osamu Noguchi, ya haɗa dabarun wannan dambe da na wasan kareti. A shekarar 1966 aka fara shirya gasa da sunan kikboksin a Japan. A shekarun 1970 wasan ya sami karɓuwa a Amurka.

Daga baya sai wani ɗan wasan faɗa na Amurka mai suna Billy Blanks ya cire duka daga cikin abin. Ya bar naushi da shuri a iska, ya haɗa su da kiɗa, ya sa wa tsarin suna Tae Bo. Kaset ɗin bidiyo da ya fitar a shekarar 1998 ya shiga gidaje miliyoyi. Sai dai wannan tsari yana da tsalle-tsalle da juyi da sauri. Tsofaffi da masu ƙiba da masu ciwon gwiwa da yawa ba su iya binsa ba.

Abu na biyu shi ne jiyya da ruwa, wadda ta daɗe a asibitoci. Misalin da ya fi shahara shi ne na Franklin Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1933 zuwa 1945. A shekarar 1921 ya kamu da wata cuta da ta shanye masa ƙafafu, likitocinsa suka ce shan inna ce. A shekarar 1924 ya je wani gari mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a jihar Jojiya. Can ya ga cewa a cikin ruwa yana iya tsayuwa, yana kuma iya motsa ƙafafun da suka gagare shi a tudu. A shekarar 1927 ya kafa cibiyar jiyyar masu shan inna a wurin.

Zuwa shekarun 1980, motsa jiki cikin ruwa ya fita daga asibiti ya shiga wuraren wasanni, har aka kafa ƙungiyoyin horar da malamansa. Da naushi da shuri suka zama abin yayi, sai malaman ruwa suka sauko da su cikin kwami. Ta haka wanda gwiwarsa ba ta ɗaukar tsalle shi ma ya sami hanyar shiga.

ABIN DA RUWA YAKE YI WA JIKI

Na ɗaya, ruwa yana ɗauke nauyi. Wani masani mai suna Arkimidis, wanda ya rayu a tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ne ya bayyana dalili. Ya nuna cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Shi ya sa guga yake da sauƙi a cikin rijiya, shi ya sa kwale-kwale yake yawo a kan kogi.

Masana sun auna wannan a jikin mutum. Idan ruwa ya kai ƙugu, ƙafafu suna ɗaukar kamar rabin nauyin jiki. Idan ya kai ƙirji, suna ɗaukar kamar kashi ɗaya cikin uku. Idan ya kai wuya, kamar kashi ɗaya cikin goma kawai ya rage.

A ɗauki misalin mutum mai nauyin kilo 75. Wannan daidai yake da buhun takin zamani ɗaya da rabi, tunda buhu ɗaya kilo 50 ne. In ya tsaya a ruwa iya ƙirji, abin da ƙafafunsa za su ɗauka bai wuce kamar kilo 25 ba, wato rabin buhu. Ruwa ya sauke masa buhu guda cur.

Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gwiwa. A tudu, duk takun da mutum ya yi, gwiwarsa tana jin matsin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. In yana gudu ko tsalle, abin ya fi haka. A cikin ruwa kuwa mutum yana dira a hankali, kamar an tallafe shi.

Na biyu, ruwa yana turjiya. Kaurin ruwa ya ninka na iska kamar sau 800. Naushin da aka kai a iska yakan wuce ba tare da wani cikas ba. Wanda aka kai a ƙarƙashin ruwa kuwa sai ya ture ruwan da yake gabansa. A wajen dawo da hannu ma sai an sake ture wani ruwan. Don haka tsokar gaba da ta baya duk suna aiki a motsi guda.

Akwai wani abin lura a nan. Idan mutum ya ninka saurin hannunsa sau biyu, turjiyar ruwa tana ninkuwa kamar sau huɗu. Ma'ana, kowa shi yake yanka wa kansa nauyin aikinsa. Saurayi mai ƙarfi ya yi sauri, ruwa ya yi masa tauri. Dattijuwa ta bi a hankali, ruwa ya yi mata laushi. Dukansu suna sahu ɗaya, suna bin malami ɗaya.

Yanayin hannu ma yana canza aikin. Masu tuƙa kwale-kwale sun san cewa in aka sa filafili a ruwa ta gefensa, yankawa yake yi ya wuce. In aka sa shi ta faɗinsa, sai ya kama ruwa. Haka hannu yake. Gefen hannu ya fi sauƙi, dunƙulallen hannu yana tsakiya, buɗaɗɗen tafi ya fi nauyi.

Na uku, ruwa yana matsa jiki ta kowane gefe. Matsin ya fi ƙarfi a ƙasa, wajen sawu da ƙwauri. Wannan yana taimaka wa jini ya koma zuciya, yana kuma rage kumburin ƙafa. Shi ya sa bugun zuciya a cikin ruwa yakan yi ƙasa kaɗan da yadda zai kasance a tudu ga aiki iri ɗaya. Shi ne kuma dalilin da ya sa mai wanka a kwami yakan ji fitsari da wuri.

Na huɗu, ruwa yana sanyaya jiki. Yana janye zafi daga fata da sauri, kamar ninki 25 na yadda iska take yi. Don haka mai motsa jiki ba ya jin zafi ya dame shi. Ruwan da ya dace da wannan aiki shi ne mai ɗumin digiri 28 zuwa 30. In ya yi sanyi da yawa, tsoka takan ɗaure. In ya yi ɗumi da yawa, mutum yakan galabaita da wuri.

YADDA AKE GUDANAR DA DARASI

Darasi yana da kashi uku. Kashi na farko shi ne ɗumama jiki, na minti 5 zuwa 10. Akan yi tafiya a cikin ruwa, gaba da baya da gefe. Akan juya kafaɗu, a ɗaga gwiwoyi a hankali. Ba a fara naushi da ƙarfi da jiki mai sanyi.

Kashi na biyu shi ne ainihin aikin, na kamar minti 30. Da farko mutum ya gyara tsayuwa. Ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, ciki a ɗan tamke. Kafaɗu su ɗan nutse domin hannuwa su yi aiki a ƙarƙashin ruwa. Naushin da ya fito sama da ruwa, iska kawai ya daka.

Naushi iri huɗu ne:

1. Naushin hannun gaba. Ana miƙa shi kai tsaye, a dawo da shi da sauri.
2. Naushin hannun baya. Shi ma miƙe yake, amma ana juya ƙugu da shi, don haka ya fi ƙarfi.
3. Naushin gefe. Ana lanƙwasa hannu kamar lauje, a zagayo da shi daga gefe zuwa tsakiya.
4. Naushin ƙasa zuwa sama. Yana tasowa daga wajen ciki ya nufi sama.

Aikin ƙafa kuma shi ma iri huɗu ne:

1. Shurin gaba. A ɗaga gwiwa tukuna, sa'an nan a miƙa ƙafa gaba kamar mai tura ƙyaure.
2. Shurin gefe. A karkata kaɗan, a tura diddige gefe.
3. Shurin baya. A ɗan sunkuya gaba, a tura diddige baya kamar haurin jaki, amma a hankali.
4. Bugun gwiwa. A jawo gwiwa sama wajen ƙirji, hannuwa su sauko su tarye ta.

Malami yakan haɗa su. Alal misali, naushi biyu da shuri ɗaya, a maimaita sau takwas, sa'an nan a canza ƙafa. Wani lokaci akan yi aiki da ƙarfi na rabin minti, a sassauta na rabin minti, a sake.

Akwai kurakurai uku da sababbin shiga suka cika yi. Na farko, miƙe gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa har ƙarshe da ƙarfi. Ya kamata a bar gaɓar a ɗan lanƙwashe. Na biyu, tsayuwa a kan yatsun ƙafa tun daga farko har ƙarshe, domin ruwa yana ɗaga mutum. Wannan yana sa sha-raɓa ta ɗaure, don haka a riƙa sauke diddige ƙasa. Na uku, riƙe numfashi. A riƙa fitar da numfashi tare da kowane naushi.

Ta yaya mutum zai san ya yi daidai? Akwai gwaji mai sauƙi. In yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, aikin matsakaici ne. In ba ya iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ya tsaya ya ja numfashi, aikin ya yi tsanani, sabon shiga ya sassauta.

Kashi na uku shi ne hucewa, na minti 5 zuwa 10. Akan koma tafiya a hankali, a miƙa tsokokin ƙafa da na kafaɗa a jikin bangon kwami. A fita daga ruwa sannu a hankali, domin nauyin da ruwa ya ɗauke yana dawowa gaba ɗaya, kuma wasu sukan ji jiri.

KAYAN AIKI DA SUTURA

Sabon shiga ba ya bukatar kayan aiki. Hannunsa da ƙafarsa sun isa. Wanda ya saba yana iya sa wata safar hannu mai fata tsakanin yatsu, irin ƙafar agwagwa, domin ta ƙara kama ruwa. Akwai kuma sandunan soso masu yawo a kan ruwa, waɗanda ake danna su ƙasa. Takalmin roba na ruwa yana hana santsi, yana kuma kare tafin ƙafa daga kaushin siminti.

Game da sutura, ba a shiga kwami da babbar riga ko zane ko doguwar riga mai yalwa. Tufa irin wannan tana shan ruwa ta yi nauyi, tana kuma iya naɗe ƙafa. Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka tare da kai, waɗanda aka ɗinka da yadi marar nauyi. Wata mai ɗinki a ƙasar Ostareliya, Aheda Zanetti, ita ce ta fito da irinsu a shekarar 2004, kuma yanzu sun bazu a duniya. Wasu wuraren ninƙaya sukan keɓe wa mata lokacinsu daban, da malama mace.

SU WA ZAI AMFANA?

Manomin da yake wuni yana huɗa da noma ba ya rasa motsa jiki. Haka macen da take daka da surfe da ɗebo ruwa. Amma ba kowa ne yake wannan hali ba. Akwai ɗan kasuwar da yake wuni a zaune, da direba, da tela, da ma'aikacin ofis. Akwai dattijon da ya bar gona saboda gwiwa, ya koma zaman gida, jiki yana ƙara nauyi, gwiwa tana ƙara ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a shekarar 2020, ta ce baligi yana bukatar matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Ta ce kuma a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Darasi uku na minti 50 a mako sun cika minti 150. Da yake ruwa yana turjiya, tsoka ma tana samun nata rabon.

Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masu amosanin gaɓɓai, masu ƙiba, masu ciwon baya, da waɗanda suke farfaɗowa daga rauni bayan likita ya ba su izini. A shekarar 2016 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane ta tattara bincike 13 da aka yi a kan mutum 1,190 masu amosanin gwiwa ko na ƙugu. Ta gano cewa motsa jiki cikin ruwa yana ɗan rage ciwo, yana kuma ɗan sauƙaƙa harkokin yau da kullum.

Tsofaffi suna da wata riba ta daban. Duk wanda zai yi shuri, dole ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci. Wannan yana koya wa jiki daidaita kansa. A tudu, dattijon da ya gwada haka ya faɗi yana iya karya ƙugu. A cikin ruwa, in ya karkata, ruwa yana ba shi lokacin da zai gyara tsayuwarsa.

ABIN DA BA ZAI YI BA

Ba ya warkar da amosanin gaɓɓai. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa saboda an shiga ruwa. Sauƙi ake samu, kuma in aka daina, sauƙin yakan tafi.

Ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya a tudu take yi. Ƙashi yana ƙarfi ne in yana ɗaukar nauyi, ruwa kuwa sauke nauyi yake yi. Don haka mai yin sa kada ya bar tafiyar ƙafa in yana iyawa.

Ba ya rage ƙiba shi kaɗai. Sai an haɗa da kula da abin da ake ci. Mutane da yawa sukan ji yunwa bayan sun fito daga ruwa, su ci fiye da abin da suka ƙona.

Ba ya mai da mutum ɗan dambe, ba ya kuma koya masa ninƙaya. Wanda ya yi wata shida yana naushi a ruwa iya ƙirji, in ya faɗa wuri mai zurfi, yana nan a matsayin wanda bai iya ruwa ba.

WAƊANDA ZA SU FARA GANIN LIKITA

Mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, da mace mai ciki, duk su nemi shawarar likita kafin su fara. Matsin ruwa yana tura jini da yawa zuwa ƙirji, kuma zuciya mai rauni ba lalle ta iya ɗauka ba. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan ya fito, domin yana iya jin rauni bai sani ba.

Mai farfaɗiya kada ya shiga ruwa sai da izinin likita, kuma sai da wani a kusa da shi wanda ya san halinsa. Mai buɗaɗɗen miki, mai zazzaɓi, da mai gudawa su dakata sai sun warke, domin kansu da kuma sauran jama'a. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa ya sarƙe, ya tsaya nan take ya gaya wa malami.

KUDUDDUFI BA KWAMI BA NE

Wannan shi ne abin da ya fi shafar mutanen karkara. Kwamin ninƙaya sai a birane ake samunsa, a manyan otal-otal da filayen wasanni da wasu makarantu. A ƙauye abin da yake kusa shi ne kududdufi da tafki da rafi da madatsar ruwa. Wanda ya ga hoton a waya yana iya cewa ai ruwa ruwa ne. To, akwai haɗari biyu manya.

Na farko shi ne tsargiya. In mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi. Daga nan wasu tsutsotsi da ido ba ya gani sukan fito su bazu a ruwan. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar tana huda lafiyayyar fata ta shiga jiki. Bayan wani lokaci sai a ga jini a fitsari. In aka bar ta, tana lalata mafitsara da ƙoda ko hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne suke bukatar maganin rigakafinta, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Mutumin da ya tsaya minti 45 a irin wannan ruwa iya ƙirji ya ba tsutsar duk lokacin da take so. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta mai suna farazikwantal. A kwamin da ake kula da shi ba a samun wannan cuta, domin babu dodon koɗi, ga kuma kulorin.

Na biyu shi ne nutsewa. Ƙasan kwami a lailaye yake, an kuma rubuta zurfin kowane wuri a bakinsa. Ƙasan kududdufi kuwa taɓo ne da santsi. Sau da yawa akwai ramukan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Taku ɗaya ruwa yana ƙugu, taku na biyu ya shanye kai. Mai shuri da ƙafa ɗaya yake tsaye, ƙaramin santsi ya ishe shi. A rafi kuma ga igiyar ruwa mai ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Hausawa sun ce ruwa kan ci gwani, balle wanda bai iya ba.

DOKOKIN SHIGA KWAMI

Wanda ya sami damar zuwa kwami na gaske, ya kiyaye waɗannan:

1. Ya duba ruwan. In ba ya hango ƙasan kwami, ko ruwan ya yi kore, kada ya shiga.
2. Ya tabbatar akwai mai ceto a bakin ruwa. Kada ya shiga shi kaɗai.
3. Ya tambayi inda zurfi ya fara, ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙirjinsa ba.
4. Ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga da bayan ya fito.
5. Ya ajiye ruwan sha a kusa. Mutum yana gumi a cikin ruwa, sai dai ba ya ganinsa.
6. In aka yi tsawa ko walƙiya, kowa ya fita. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.
7. In ya zo da yaro, kada ya ɗauke ido daga kansa, ko da a wuri marar zurfi.

IN BABU KWAMI FA?

Wanda babu kwami kusa da shi bai yi asarar komai da komai ba. Naushin nan huɗu ana iya yin su a tsakar gida, a tsaye ko a zaune a kan kujera mai ƙarfi. Sai dai a yi su a hankali, ba tare da fizga ba, tunda babu ruwan da zai tare hannu. Ɗaga gwiwa da gajeren shuri ana iya yin su mutum yana dafe da bango. Mai ciwon gwiwa ya bar tsalle. Ya fara da minti 5 ko 10, ya riƙa ƙarawa mako-mako, ya haɗa da tafiya da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda gwiwa ko baya ya daɗe yana damunsa, ya je asibiti ya nemi ganin ma'aikacin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai. Shi ne zai faɗa masa motsin da ya dace da ciwonsa, da kuma ko motsa jiki cikin ruwa zai yi masa amfani. Iyaye da masu unguwanni kuma su ja hankalin samari da yara, musamman da damina lokacin da kududdufai suka cika, cewa abin da suke gani a waya a cikin kwami mai tsabta ake yin sa, da malami da mai ceto a tsaye.